Aikin ruwa a cikin dutse: daga Kalambaina zuwa Tungar Daji

Ƙasar Anka ba ƙasar dutsen siminti ba ce. Daga Bagega zuwa Sunke, daga Abare zuwa Tungar Daji, mai haƙa rami idan ya wuce jar ƙasa, abin da digarsa ke tararwa shi ne tsohon dutse mai duhu, mai fallaye, da fararen jijiyoyin ƙanƙara sun ratsa shi. A cikin waɗannan jijiyoyi zinari yake, a cikinsu kuma dalma take. Masana ilimin duwatsu na sanya wannan yanki cikin tsohon ginshiƙin ƙasar Nijeriya, wanda babban motsin ƙasa na ƙarshe ya murɗe, ya tsattsaga, kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce.

Buhun simintin da ake saukewa a kasuwar Anka ko Gummi ko Bukkuyum kuwa, in dai na Sakkwato ne, daga wani dutse dabam ya fito. Fari-fari ne, ƙusa na karce shi, kuma cike yake da kwanson halittun teku, alhali nisan teku mafi kusa da Sakkwato a yau ya haura kilomita 700. Duwatsun nan biyu ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Abin da ya haɗa su shi ne ruwan sama da ke tsumewa cikin ƙasa, ya shige su, ya ɗauki wani abu, ya ajiye wani, ya bar su ba yadda ya same su ba. A Kalambaina wannan aiki ya samar da dutsen gina birane da ruwan rijiya. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum yana da hannu a bala'in da ya cinye ɗaruruwan yara a 2010. Wanda ke son gane na biyun, ya fara da na farkon, don a can aikin ya fi fitowa fili.

Tekun da ya ratsa Sahara

Wanda ya tashi daga Anka ya bi ta Talata Mafara, ya hau titin Sakkwato ta Tureta da Dange, tafiya yake yi daga tsohon dutse zuwa sabo. Ba nisa da Talata Mafara tsohon ginshiƙin ke nutsewa ƙarƙashin yashi da tsakuwa da laka. Haka ma wanda ya bi Gulbin Zamfara ya yi yamma wajen Gummi. Daga nan an shiga wani katafaren kwari da ya mamaye Sakkwato da Kabi da yammacin Nijar har cikin Mali, wanda aka laƙaba wa sunan wata ƙungiyar Buzaye, Iwillimmedan. Shimfiɗun dutsen da suka cika kwarin sun ɗan karkata arewa maso yamma, shi ya sa matafiyi ke taka su ɗaya bayan ɗaya: na Gundumi a ƙasa, sai Taloka da Dukamaje da Wurno, sai Dange da Kalambaina da Gamba, sannan Gwandu a bisa. Tun 1911 da J. D. Falconer ya fitar da littafinsa kan duwatsun Arewacin Nijeriya ake nazarin su, kuma a shekarun 1970 Farfesa Cornelius Kogbe ya bi su daki-daki.

Abin da shimfiɗun ke nunawa shi ne teku ya shigo wannan kwari daga arewa, ta tsakiyar inda Sahara take yau, ba sau ɗaya ba. A ɓangaren Sakkwato, shigowar farko ta bar lakar Dukamaje, inda aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa da masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. Shigowa ta biyu ta faɗo a zamanin da ke tsakanin shekaru miliyan 66 zuwa 56 da suka wuce. Da farko ruwan mai gurɓi ne, ya kwantar da lakar Dange. Daga baya ya washe, ya yi ɗumi, ba shi da zurfi, rana na kaiwa gindinsa. Halittu masu kwanso suka yawaita: dangin katantanwa, masu murfi biyu, bushiyar teku, murjani, da wasu ƙanana da ido ba ya gani. Suna mutuwa kwansonsu na taruwa, igiyar ruwa na niƙa wasu. Tarin nan shi ne asalin dutsen Kalambaina, kuma irinsa ne ake fasawa a masana'antar siminti ta Malbaza a jihar Tawa ta Nijar.

Sai dai abin da teku ya bari ba dutse ba ne. Taɓo ne fari, da za ka iya cusa hannu a ciki. A irin wannan taɓo da ake samu a tekunan yau masu ɗumi, kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na jikinsa ba komai ba ne illa guraben da ruwa ya cika. Tsohon dutsen farar ƙasa kuwa sau da yawa gurabensa ba su kai kashi 10 ba. Nauyin abin da ya danne shi daga sama yana rage wani abu, amma ba ya isa ya bayyana wannan bambanci. Dole wani abu ne ya shiga tsakanin ƙwayoyin ya cike, ya liƙe su. Daga ina ya zo, kuma wa ya kawo shi?

Ruwa ba ya tsami banza

Kwanson halittun teku duk sinadari ɗaya ne, kalsiyam kabonet, amma ginin ƙwayoyinsa iri-iri ne. Akwai aragonayit, wanda katantanwa da murjani da yawancin masu murfi biyu ke gina gidajensu da shi. Akwai kalsayit mai gauraye da magniziyam mai yawa, irin na bushiyar teku. Akwai kuma kalsayit tsantsa, wanda ya fi su duka dauriya. Muddin suna cikin ruwan gishirin da aka haife su a ciki, suna iya daɗewa yadda suke. Da zarar teku ya janye, ruwan sama ya fara sauka a kansu, zama ya canza.

Ruwan sama tun a sararin samaniya yake haɗiyar iskar kabon dayoksaid, ya ɗan yi tsami. Wannan kaɗan ne. Babban abin yana faruwa a cikin ƙasar noma, inda saiwoyi ke numfashi, ganye da taki ke ruɓewa. Iskar da ke maƙale a nan takan ninka ta sarari sau 10 zuwa 100 wajen yawan kabon dayoksaid. Ruwan da ba shi da wannan iska, abin da zai iya narkarwa na kalsayit bai wuce miligiram 14 a lita ba. Wanda ya biyo ta ƙarƙashin ciyawa da itatuwa yana iya ɗaukar 200 zuwa 300. Ke nan ƙarfin ruwa a kan dutse ya danganta da abin da ke tsirowa a bisansa.

Da ruwan ya isa tarin kwanso, mai rauni yake fara kamawa. Aragonayit ya fi kalsayit saurin narkewa, don haka shi ne ke fara tafiya. Ruwan na ci gaba da narkar da shi har ya ɗauki fiye da abin da zai iya riƙewa idan aka auna da kalsayit. A nan ne abin mamakin yake: ruwa guda, a lokaci guda, yana cin aragonayit yana kuma zubar da kalsayit. Ya ɗebe daga jikin katantanwa, ya matsa tazarar da ba ta kai faɗin gashi ba, ko ya gangara taku ɗari, ya ajiye a bangon wani gurbi. Ƙananan lu'ulu'u su tsiro a jikin kowace ƙwaya, su miƙa su haɗu da na maƙwabciyarta. Kamar kantun riɗi ne: ƙwayoyi a warwatse, sai narkakken sukari ya shiga tsakaninsu ya daskare. Bambancin kawai, a nan sukarin daga jikin riɗin aka tatso shi.

Har da riba a cinikin. Aragonayit ya fi kalsayit cunkushewa, saboda haka idan ya narke ya sake fitowa a matsayin kalsayit, wurin da yake cikewa yakan ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100. Magniziyam kuma, wanda sabon kalsayit ba ya karɓa da yawa, ruwa ya yi gaba da shi. Wani lokaci kwanson yakan narke ƙaf ya bar rami mai siffarsa, daga baya ramin ya cika da lu'ulu'u masu haske ko ya zauna haka nan. Wani lokaci musayar takan faru a hankali ta wata siririyar iyaka, aragonayit na narkewa ta wannan gefe, kalsayit na fitowa ta wancan, har alamun zanen kwanson su tsira a cikin sabon dutsen. Ɓaraguzan bushiyar teku na da nasu hali. Kowane guntu lu'ulu'u ɗaya ne, sai sabon kalsayit ya ɗora a kansa ya ci gaba da girma a kan tsarin da ya tarar, ya haɗiye abin da ke kewaye.

Sama da ruwan rijiya, da ƙasa da shi

Kowane mai haƙa rijiya ya san akwai inda ƙasa ke da danshi kawai, akwai kuma inda ruwa ke tsayawa. Wannan iyaka da ya sani da ƙafarsa ita ce mafi muhimmanci a wannan fage. A samanta gurabe cike suke da iska, ruwa na wucewa ne kawai bayan an yi ruwan sama. Ɗan abin da ya saura yakan maƙale a inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya, ko ya rataya a ƙarƙashinta yana shirin ɗiga. A nan kawai liƙin ke fitowa: ɗan ƙulli a mahaɗa, ɗan gemu a ƙasan ƙwaya, saman ta kuwa fayau. A ƙasan iyakar, inda kowane gurbi ke cike da ruwa dare da rana, lu'ulu'un na fitowa ta kowane gefe daidai, ƙanana a bango, suna ƙara girma zuwa tsakiya har su rufe gurbin. Mai nazari idan ya ga waɗannan siffofi zai iya cewa ga inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya tsaya a wani zamani da babu mutum a duniya, har ma ya nuna ina ne sama a guntun dutsen da aka miƙo masa ba tare da an faɗa masa ba.

Hanyar ganin wannan ta samo asali ne daga Henry Clifton Sorby, mutumin Shefil a Ingila, wanda ya riƙa goge dutse har haske ya ratsa shi, ya duba a madubin ƙara girma. A 1879 ya gabatar wa ƙungiyar masana duwatsu ta Landan dogon jawabi kan asalin dutsen farar ƙasa, inda ya nuna cewa kwanson aragonayit ne ke ɓacewa, na kalsayit ya saura. Har gobe haka ake yi: a yanka dutse, a manna a gilashi, a goge shi ya koma milimita 0.03. A 1965 J. A. D. Dickson ya inganta wani rini da ke sa kalsayit ya yi ja-ja, mai ƙarfe a ciki ya yi shuɗi-shuɗi. Shuɗin nan labari ne, domin ƙarfe ba ya shiga kalsayit sai ruwan ya rasa iskar oksijin, wato ruwa ne da ya daɗe a can ƙasa.

Inda aka kama ruwa yana tsakiyar aikin shi ne tsibirin Barbados a yankin Karibiyan. Tsibirin na ɗagowa daga teku a hankali, don haka tsoffin gidajen murjani sun jeru hawa-hawa a jikin tudu: mai shekaru kimanin 82,000, mai 105,000, mai 125,000, da waɗanda suka fi su tsufa a can sama. Robley Matthews na jami'ar Brown da ɗalibansa sun bi su tun daga shekarun 1960. Gwargwadon daɗewar hawa a hannun ruwan sama, gwargwadon raguwar aragonayit a cikinsa. Sun kuma ga cewa inda dutsen ke jiƙe a cikin ruwan daɗi kullum, sauyin ya fi sauri nesa ba kusa ba. A ma'aunin shekarun duwatsu, aiki ne na ɗan lokaci.

Ya kamata a yi hattara a nan, don ba kowane rami a dutse ne aikin ruwan sama ba. Aragonayit na iya narkewa tun a gindin teku, kuma akwai liƙin da ke fitowa bayan an binne dutse da zurfi, cikin ruwa mai zafi. Shi ya sa masana ba sa tsayawa ga siffa. Suna auna nauyin ƙwayoyin oksijin da kabon da ke cikin liƙin. Ruwan sama tururi ne da ya tashi daga teku, kuma mai sauƙin nauyi ya fi tashi, don haka oksijin ɗinsa ya fi na teku sauƙi. Kabon da ya fito daga tsirrai shi ma mai sauƙi ne. Liƙin da ruwan sama ya ajiye yana ɗauke da wannan tambari, kuma ba ya gogewa da wuri.

Abin da ake gani a Kalambaina

Ramin fasa dutse na Kalambaina, 'yan kilomitoci daga birnin Sakkwato a ƙaramar hukumar Wamakko, shi ne wurin da aka fi ganin wannan shimfiɗa. A rijiyoyin bincike kaurinta yakan haura mita 20, amma ba ta tsaya a kauri ɗaya ba, nan ta yi kauri, can ta sirance. Kogbe ya danganta wannan da narkewar dutsen a ƙarƙashin ƙasa. Shaidar da ta fi burge ni tana cikin lakar Gamba da ke kwance a kansa. Fallayenta sun lanƙwashe, sun yi tudu da kwari, har mai kallo ya zaci wani motsin ƙasa ne ya matse su. Ba haka ba ne. Ruwa ne ya ɗebe dutsen da ke tallafe da su, suka lotsa cikin gurbin. A cikin dutsen kuma, da yawa daga dangin katantanwa da masu murfi biyu ba kwansonsu ake samu ba, sai daskararren taɓon da ya cika cikinsu, ya ɗauki siffarsu. Bushiyar teku kuwa tana nan da jikinta.

Ruwa ya sami lokaci isasshe. Bayan tekun ya janye, yankin ya zauna a tudu, koguna da tafkuna suka zuba yashi da lakar Gwandu, marmara ta daskare a bisa tuddai. Damina da rani sun yi ta juyawa, wasu zamunan sun fi na yau ruwa sosai. Ko a baya-bayan nan, tsakanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara na da ciyawa da tafkuna, Tafkin Cadi ya ninka na yau sau da yawa. Ruwan saman Sakkwato na yanzu, milimita 600 zuwa 700 a shekara, ba shi ne ma'aunin abin da ya ratsa dutsen nan ba.

Aikin bai tsaya ba, kuma a kansa dubban mutane ke rayuwa. Henry Anderson da William Ogilbee na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, a rahotonsu na 1973 kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na kwarin Sakkwato, sun bayyana yadda ruwan damina ke shiga tsagogi da ramukan dutsen Kalambaina, ya sauka har ya tarar da lakar Dange, wadda ba ta barin ruwa ya wuce. Sai ya taru a nan, a rataye bisa laka, yana ciyar da rijiyoyi marasa zurfi da idanun ruwa har cikin rani. Tafkin Kware, arewa da Sakkwato, daga irin waɗannan idanun ruwa yake sha. Matan yankin sun san halin wannan ruwa ba tare da an karanta musu rahoto ba: sabulu ba ya kumfa sosai, kuma butar da ake dafa ruwa a ciki takan yi farin ɓawo. Ɓawon nan kalsayit ne. Wuta ta kori iskar da ke riƙe da shi a narke, ya sauka a gindin buta, daidai da yadda yake sauka a gurbin dutse.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Yashi na tace ruwa, tsagar dutse ba ta tacewa. Ruwan da ya bi ta ramin da aka narkar yana iya yin tafiyar da za ta ɗauke shi watanni a cikin yashi cikin 'yan kwanaki, da duk abin da ya kwaso. A ganina duk unguwar da ke zaune a kan wannan dutse, tazarar da ake bari tsakanin masai da rijiya a ƙasar yashi ba ta wadatar da ita ba, kuma masu ba da izinin gini ya kamata su san a kan wane dutse suke sa hannu.

Masana'antar siminti ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna, ta fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A yau tana hannun kamfanin BUA, wanda ya ƙara layi mai tan miliyan 1.5 a 2018 da wani mai tan miliyan 3 a 2022. Masu yin siminti ba sa son magniziyam mai yawa a dutse, don yakan sa kankare ya kumbura ya tsage bayan shekaru, ke nan wankin da ruwan daɗi ke yi wa irin wannan dutse alheri ne gare su. A cikin tanderu, a zafin da ya kai digiri 1,450, wuta na warware ƙullin cikin ƙasa da awa guda: kashi 44 cikin 100 na nauyin kalsayit ya tashi a matsayin iska. Bayan an kwaɓa an yi gini, kankaren ya shiga shaƙo iskar a hankali yana mayar da kansa kalsayit. Fararen zirin da ake gani a ƙarƙashin gadoji da kwalbatoci, inda ruwa ke tsattsafowa, aikin nan ne ya sake farawa.

Dalmar da ta canza kama

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yadda ƙananan yara ke mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da jijjiga da suma, kuma maganin zazzaɓi ba ya yi musu aiki. Gwajin jini ya nuna gubar dalma. Farashin zinari ya tashi a duniya, mutane sun koma haƙa, ana kawo dutse gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga wurin wasan yara 400 ce. An ƙiyasta yara kimanin 400 ne suka mutu. An fara kankare gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan Abare, Sunke, Tungar Guru, Duza da Tungar Daji zuwa farkon 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kai gare ta.

Tambayar da ta dami masana ita ce me ya sa gubar ta yi wannan kaifi. Asalin dalmar da ke cikin jijiyoyin ƙanƙarar Anka haɗe take da farar wuta, a cikin baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali. Ruwa mai tsananin zafi ne ya hauro da ita tare da zinari daga can ƙasa, ta tsagogin da motsin ƙasa ya buɗe. Tozalin dalma ba abin wasa ba ne, musamman a idon jariri, amma ba ya saurin narkewa a ciki. A 2013 Geoffrey Plumlee na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gano a samfuran dutse da ƙasa da ƙura daga ƙauyukan: tun kafin kowa ya sa diga, ruwa da iska sun riga sun juya dalma mai yawa ta koma dalma kabonet, wadda ruwan tsamin ciki ke narkarwa cikin sauƙi.

Hanyar ita ce wadda muka gani a Kalambaina. Ruwan damina ya sauka, ya ratsa ƙasar daji ya ɗauki kabon dayoksaid, ya riƙe oksijin ɗinsa, ya shiga tsagogin jijiyar. Oksijin ya ci farar wutar, kabon ya kama dalmar, sabon sinadari ya fito a gurbin tsohon. Masana na kiransa serusayit, kuma tsarin ƙwayoyinsa irin na aragonayit ne sak, sai dai dalma ce ke zaune a mazaunin kalsiyam. Jikin ɗan Adam ma haka yake ruɗewa: yana karɓar dalma ta ƙofar kalsiyam, ya kai ta ƙashi da ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙaramin yaro na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsewa daga dalmar da ta shiga cikinsa.

Abubuwa biyu suka ƙara dagula lamarin. Wannan juyi ya fi ƙarfi a sashen sama na jijiya, inda iska da ruwa ke musayar wuri tsakanin damina da rani, kuma nan ne mai diga da shebur ke fara isa. Sannan serusayit ba shi da baƙi da ƙyallin tozali. Fari ne ko toka-toka, mai saurin marmashewa, yana ɓuya cikin jan tsatsar dutse. Mai haƙa da ya san tozali tun yana yaro zai iya cika buhu da wannan bai san dalma ya ɗauko ba.

Ba laifin ruwa ba ne, ba kuma za a ɗora wa talakan da ya ga zinari a bayan gonarsa laifin rashin sanin abin da ba a taɓa faɗa masa da harshensa ba. Amma ilimin yana nan, kuma ba mai tsada ba ne. Masu aikin tsabtace ƙauyukan sun yi amfani da wata na'urar hannu da ake ɗora wa a kan ƙasa ko dutse, ta faɗi yawan dalmar cikin minti guda ko ƙasa da haka. Kamata ya yi a ce duk sabon ramin da aka buɗe a Anka da Bukkuyum da Maru an gwada dutsensa kafin ya isa bakin injin niƙa, a niƙa shi da ruwa ba a bushe ba, kuma nesa da gida. Jijiyoyin irin na Anka ba a Zamfara suka tsaya ba, sun miƙa kudu cikin tsohon ginshiƙin. A 2015, shekaru biyar bayan Tungar Daji, aka sake ganin yara na jijjiga a Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda ake niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Yara 28 suka rasu.